Diskin da Ya Ƙi Goge Laifuffukan Isuhu

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar Laraba ce, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a farfajiyar ƙungiyarmu ta manoman hatsi da wake da ke Filinge. Waɗanda ke wurin su ne Alhaji Mamman shugaban ƙungiya, yana tsaye da mikoro a hannu. Madam Hamsatu, baƙuwar da ta zo daga Yamai. Wakilan garuruwa, har da na Damana da suka taso tun asuba. Matan ƙungiya bisa tabarmi, Gwaggona Hawa a sahun gaba. Ɗanta Isuhu, wanda dominsa aka taru. Sai ni, sakatare, a bakin tebur, da riga mai guga da alƙalami uku a aljihu. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Na duba agogo kuma domin ba ni da wani wurin da zan iya kai idona.

Amma ba na son labari mai tsalle-tsalle. Bari in fara daga farko.

Karatuna bai yi nisa ba. A aji shida na tsaya, na koyi buga takarda wajen wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, daga nan ƙungiya ta ɗauke ni. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da sunayen manoma, da garuruwansu, da irin da kowa ya karɓa. Abin da nake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: takarda ba ta fita hannuna da kuskure. Alhaji Mamman ba ya duba abin da na miƙa masa. In na ce ya sa hannu, ya sa. In na ce ya karanta wa jama'a, ya karanta. Wannan yardar ita ce rawanina (ba ni da wani).

Ordinatar ɗin da nake aiki da shi, wato kwamfuta, wata ƙungiyar agaji ce ta bar mana, shekara bakwai ke nan. Ina lulluɓe shi da ƙyalle, ina goge shi da safe. Kuma kullum kafin in tashi ina kwafe dukan dosiyoyinmu, wato takardun aiki, da hotunan gonaki da bidiyon taruka, in zuba a wani sabon wuri mai sunan ranar: Ajiyar Litinin, Ajiyar Talata, haka har Juma'a. In mako ya zagayo in goge, in sake zubawa. Duk a cikin ordinatar ɗin nan guda. Ina ganin a ƙasarmu ta Kurfai kaf babu mai tsari irina.

Sai Isuhu ya dawo.

Isuhu ɗan ƙanwar mahaifina ne, wato taubashina. A wajenmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa, kuma tsakaninsu zagi ba ya zama faɗa. Tun yana ƙarami nake kiransa bawana yana kirana ubangidana. Na girme shi da shekara tara. Ya tafi Yamai ya karanto aikin gona, ƙungiya ta ɗauke shi ya riƙa ba manoma shawara, aka ajiye masa tebur a ɗakin da nake, kusa da taga (tagar da na yi shekaru ina roƙon a matsar da ni kusa da ita).

Cikin wata guda na lura da abu. Tsofaffin da suke zama gaban teburina su yi hira, yanzu sallama kawai suke yi mini su wuce wajensa. Ya nuna musu hoton tsutsar da ke cin zangarniya a wayarsa, su yi ta girgiza kai suna cewa, "Yaron ga ya sani." Ni da na san sunan kakan kowannensu, ba wanda ya taɓa cewa na sani. Na dai fara duba agogo duk lokacin da ya shigo.

Wata safiya ina cikin buga sunaye sai ordinatar ya daskare. Na danna, shiru. Na jira, shiru. Ba karo na farko ba ne, amma karo na farko ne da Alhaji yake zaune a ɗakin.

Isuhu ya taso. "Ubangidana, ba ni wuri in duba."

"Koma ga tsutsarka, bawa. Hutawa yake yi."

"Bari shi duba mana," in ji Alhaji.

Na matsa, ba da son raina ba. Ya kashe ya kunna, ya soka ɗan kile ɗinsa na ajiya, ya buɗe wani abu da ban taɓa gani ba. Wata lamba ta fito cikin jan launi. Ya yi fito a hankali.

"Diskinka, ma'ajiyar takardunka, ya tsufa. Ka ga wanga tara? Abin da ya rage na ƙarfinshi ke nan cikin ɗari. Wala." (Kalmar Faransanci ce da ya kwaso a Yamai, wai "ga shi nan".)

"Tsufa? Ko tari bai taɓa yi ba."

"Ai irin wanga ba ya tari. SSD a ka ce mishi, babu abin da ke juyawa ciki. Kamar takarda ce da kake rubutu da fensir kana gogewa. Kowace gogewa tana cin ta kaɗan. Wata rana sai ta ƙi karɓar rubutu, ko ta yage gaba ɗaya. A sayo sabo tun yana buɗewa, a kwashe komi. Kuma ina kake ajiye kwafinka?"

Na nuna masa Ajiyar Litinin zuwa Juma'a, ina jiran ya yaba. Ya dube su, ya dube ni, ya rufe baki da hannu.

"Ubangidana, rumbu biyar ka gina cikin rumbu guda. In wuta ta kama fa? Kuma wanga zuba-da-gogewa na kullum, shi ne ya cinye shi."

Alhaji ya yi dariya. Ba mai yawa ba, amma na ji ta. Ya juyo ya ce, "Sakatare, kai mi ka gani?"

Na ce, "Alhaji, ran da ya fara kuka zan gaya maka. Kafin nan ba a canza abin da ke aiki."

Dalilaina uku ne, kuma na tsara su a raina tun kafin in rufe baki. Na farko, tsohon ordinatar ɗin da na fara aiki da shi sai da diskinsa ya yi wata biyu yana ƙar-ƙar-ƙar kamar keken ɗinki kafin ya mutu. Ni a sanina inji ba ya mutuwa bai yi kuka ba. Na biyu, takarduna duka suna buɗewa. Na uku kuwa, wanda shi ne na gaskiya, Isuhu ne ya faɗa, kuma a gaban Alhaji. Da wani mai gyara ne can Yamai wanda ban sani ba ya ce mini haka, da a ranar zan nemi izini a sayo. Amma in yarda bawana ya ga abin da ban gani ba a kan teburina? Gara diskin ya mutu.

Daga ranar na ƙara wa kaina aiki biyu. Kowace safiya in kara kunnena a jikin ordinatar in saurara (ka yi tunanin mutum mai furfura, kunne a kan roba, yana jiran kuka daga abin da ba shi da baki). Sannan kwafin da nake yi sau ɗaya na mai da shi sau biyu, da hantsi da la'asar, wai don tsaro. An ce mini jakina ya gaji, na ƙara masa buhu.

Bayan mako uku wani abu ya faru. Akwai wasu tagwaye a cikin matanmu, na rubuta Hasana a wurin Husaina. Na gyara da yamma, na ajiye. Da safe na kunna, sai ga Hasana ta dawo wurinta. Na sake gyarawa, wannan karon ya zauna. Kwana huɗu bayan haka wani sunan gari ya yi mini irin wannan. Mai hankali da ya tuna jar lambar nan. Ni kuwa nan take na gane mai laifi: Isuhu ne yake taɓa mini ordinatar in na fita salla, don ya nuna wa Alhaji maganarsa ta tabbata.

Na tsinko tsinken tsintsiya guda, na riƙa ɗora shi bisa murfin duk lokacin da zan fita. In na dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Wannan bai wanke Isuhu a wurina ba. Cewa na yi, lallai yaron nan ya ƙware, har tsinken yake mayarwa.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Yamai. Ana son mutum ɗaya daga ƙungiyarmu ya je horon wata uku kan riƙe bayanan manoma a ordinatar. Ka ji fa, riƙe bayanai. Aikina ke nan, sunana ne kawai ba a rubuta ba. Ban jira ba, na kai shadda wajen tela, na sa aka gyara mini zip ɗin jaka. Kwamiti ya zauna, ni ne ma mai rubuta abin da aka tattauna, da hannuna na rubuta cewa an zaɓi Isuhu. Dalilinsu: shi ya san hannun abin, ni kuma in na tafi wa zai riƙe ɗakin?

Bayan taro Alhaji ya dafa kafaɗata. "Sakatare, Laraba Madam Hamsatu za ta zo, ita ka cewa e ko a'a. Ka rubuta muna shaida bisa Isuhu, da Hausa, jama'a su ji. Ni zan karanta da kaina."

Alhaji da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatu, kuma tun daga lokacin ba ya barin dama ta wuce shi. Yana karatu da yatsa, kalma bayan kalma, da ƙarfi, kuma hankalinsa duk yana kan kalmar da yatsan ke kai. Sai ya kai ƙarshen layi sannan ma'anar take riskarsa, in ta riske shi.

Ranar Litinin ƙarfe biyu na rana na zauna. Isuhu ya fita ƙauye. Na buga kan takarda, Shaida a Kan Isuhu, na buga bisimilla da gaisuwa ga baƙuwa da shugaba da wakilai da iyaye mata, layi bakwai cif, yadda ya kamata. Da na zo wurin yabo sai yatsuna suka ƙi. Na ce bari in fara fitar da abin da ke cikina, in na huce in goge. Na buga "Na ɗaya". Wallahi ban taɓa jin daɗin bugu irin na ranar ba. Kafin la'asar ina da laifi goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa. Hannuna ya ajiye takardar da kansa, don ya saba. Na kashe, na ɗora tsinke, na tafi gida da sauƙin rai.

Talata da azahar Gwaggo Hawa ta shigo da kanta, da kwano a lulluɓe. Kopto ne, zogale da ƙuli, irin wanda take yi mini tun ina yaro.

"An ce kai ka rubuta takardar ƙanenka. Na ce to, alhamdu lillahi, ta faɗa hannun gida. Ka gyara mishi ita da kyau, ɗan yayana."

Na ci kopton nan. Tana fita na buɗe takardar, na bar gaisuwa yadda take, na share laifuffukan nan kaf, na rubuta shaida ta gaskiya: yaro ne mai ƙwazo, mai ladabi, manoma sun amfana da shi. Na karanta sau biyu. Na ajiye sau uku. Na so in buga a lokacin, amma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, injin buga takarda kuwa ba ya aiki da batir. Na kashe ordinatar ina jin kaina mutumin kirki.

Laraba kuran bai dawo ba sai ƙarfe goma saura minti goma. Jama'a sun zauna, an buɗe da addu'a, Alhaji yana aiko a kira ni. Na kunna, na buɗe, na ga kan takarda da gaisuwata layi bakwai sun cika fuskar ordinatar. Na tura, shafi biyu suka fito, na ninke. Ban karanta ba. Me zan karanta? Ni ne fa.

Alhaji ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa. Gaisuwa ta tafi lafiya, har Madam tana gyaɗa kai. Sai na ji:

"Na... ɗaya. Isuhu... yana zuwa... aiki... ƙarfe takwas... da minti... ashirin. Wata rana... da ashirin... da biyar."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce a raina, wannan ai na goge shi.

"Na biyu. Yana... shafa... turare... kamar mai zuwa... zance... alhali... gona... za shi."

Wani daga cikin mutanen Damana ya tuntsire. Mata suka fara rufe baki da mayafi. Tsakanina da Alhaji taku shida ne, na auna daga baya, amma a lokacin ji na yi kamar yana can nesa a Tondikandiya. Kuma in na tashi na fizge takardar, me zan ce? In ce sakataren da ba ya kuskure ya miƙa abin da bai duba ba?

"Na uku. Ba ya... iya... magana... sai ya ce... wala. Na huɗu. Yana... cin tuwo... da cokali."

"Ƙarya ce!" in ji Gwaggo daga kan tabarma. "A gidana da hannu yake ci!"

Wuri ya kece da dariya. Alhaji ya ɗago ya yi murmushi, a zatonsa karatunsa ake yabo, ya mayar da yatsa.

"Na biyar. Yana... taɓa... ordinatar ɗin... sakatare... a ɓoye... yana ɓata... sunayen... mutane."

Dariya ta tsaya. Madam Hamsatu ta buɗe littafinta, ta cire murfin alƙalami, ta fara rubutu. Mutumin da za a tura ya koyo riƙon bayanai, ga shugabansa yana shaida a gaban jama'a cewa ɓata bayanai yake yi. Alhaji ya tsaya da karatu. Na ga yatsansa ya koma farkon layin ya sake bi, leɓɓansa suna motsi. Ya cire tabarau.

"Sakatare. Wanga mi ne ne?"

A nan ne na duba agogo. Goma da minti ashirin. Na miƙe tsaye.

Sai na ji tafi. Isuhu ne ya tashi yana tafawa yana dariya har da riƙe ciki.

"Kai, ubangidana, ka gama da ni! Madam, ki yi haƙuri, ba a gaya miki ba. Wanga ɗan kawuna ne, taubashina. Ai ba ya bari in tahi Yamai bai wanke ni gaban jama'a ba. Na san yana shirya mini wani abu, ban dai zaci har Alhaji zai sa aiki ba."

Madam ta dube ni, ta dube shi. Bazabarma ce, su ma suna da irin wannan wasan. Ta saki fuska ta ce, "A, to! Ku ce mini haka mana." Ta mayar da murfin alƙalami. Tsofaffi suka ɗauka, "Taubasai ne! Bar su!" Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

"Kawo, Alhaji, in ƙarasa da kaina," in ji Isuhu. "Bawa shi ka ɗaukar kayan ubangidanshi."

Ya karɓi takarda da mikoro. Ya karanta na shida, cewa yana wanke babur ɗinsa kullum kamar jariri, ya kwaikwayi wankan. Ya karanta na bakwai, cewa ya ƙwace taga. Na takwas, na tara, na goma, kowanne yana ƙara masa gishiri, mutane har da hawaye. Ni ina tsaye ina yaƙe, ina ƙirgawa, domin na san abin da ke zuwa. Na goma sha ɗaya ba laifin Isuhu ba ne. Ga abin da na rubuta, har yau na haddace: "Ya fi ni. Shekara goma sha huɗu ina kan teburin nan, ba a taɓa tara mutum uku domina ba."

Ya juya shafi. Na ga idonsa ya sauka a kan layin. Ya ɗago ya dube ni, babu dariya a fuskarsa, kuma wannan kallon ya fi mini duk abin da ya gabata zafi. Sannan ya ce cikin mikoro:

"Na goma sha ɗaya. Duk da haka a bar shi ya tahi, ko mun huta da turare."

Aka yi ta tafi. Ya ninke takardar sau huɗu ya sa a aljihun gaba.

Mata suka ce ba su yarda ba, sai ya rama, haka wasan yake. Ya ce shi nasa guda ne tak. "Ku tambayi ubangidana mi tsinken tsintsiya ke yi bisa ordinatar. Kullum in ya tahi salla sai shi aje shi, wai tarkon ɓarawo. Ni ko da iska ta kada shi ƙasa sai in ɗauka in mayar mishi, kar ranshi shi ɓaci."

Wannan dariyar kaina ta sauka, kuma na cancance ta. Ashe dai yana mayar da tsinken. A nan kaɗai na yi gaskiya.

Madam ta tambayi batun sunayen da ke canzawa. Isuhu ya bayyana mata cikin jimla uku cewa diski ne ya gaji, yana nuna ya karɓi gyara alhali bai karɓa ba. Bai ce ya gargaɗe ni ba. Alhaji ne ya tuna, ya dube ni ta saman tabarau. Madam ta ce a canza shi cikin makon nan, ta sa hannu a takardar tafiyar Isuhu.

Da aka watse na yi ƙoƙarin zamewa ta bayan ɗaki. Gwaggo tana can tana gyara lulluɓi, kamar ni take jira. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan yayana, kopton jiya, gishiri ya yi yawa ne?"

Na ce a'a, Gwaggo, ya yi daɗi.

"To," in ji ta. Ta karɓi kwanonta ta tafi. Na gwammace ta mare ni.

Da la'asar muka zauna ni da Isuhu, ɗakin ba kowa. Ya ce in goge takardar da hannuna. Na goge. Ya kashe, ya kunna. Ga ta nan, da laifuffukanta goma sha ɗaya. Na sake gogewa, ta sake dawowa. Sau uku.

"Ka gani? Tun Litinin da yamma ya rufe ƙofa. Abin da ke ciki yana ciki, sabo ba ya shiga. Mun yi sa'a ma, wani sai dai shi ɗauke gaba ɗaya, da sunayen mutane da komi."

Wato abu na ƙarshe da diskin nan ya yarda ya karɓa daga hannuna, bayan shekara bakwai na aikin kirki, shi ne hassadata. Tubana na ranar Talata kuwa ko harafi bai riƙe ba.

Muka kwashe komai a wani diski na waje. Bayan kwana biyu sabo ya iso a motar Yamai, Isuhu ya kwance ƙusoshi ya sa. Ya miƙo mini tsohon, ɗan abu marar nauyi, bai kai tafin hannu ba. Na tambaye shi yadda za a yi a goge abin da ke ciki. Ya ce, "Sai guduma." Ranar kasuwa na kai shi maƙera. Maƙerin ya jujjuya shi ya ce ko in bar masa, yaransa su yi wasa da shi. Na ce ya buga. Na tsaya har sai da ya zama gari.

Takardar da ke aljihun Isuhu kuwa, ba ni da gudumar da za ta kai gare ta. Ya je Yamai ya dawo, bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, shi da yake da izinin zagina a kan komai. Ban nema ba, bai bayar ba. Har yanzu ina sakatare. Amma yau duk takardar da na miƙa wa Alhaji sai ya sa tabarau ya bi ta da yatsa daga bisimilla har sa hannu, ni kuwa ina tsaye a gefe hannu a baya. Shafi guda yakan ci minti ashirin. In ya gama sai ya ce, "To, wagga lahiya lau." Kullum sai ya ce wagga.

Kada ka zaci na warke. Ya dawo da jaka mai taya, kuma na lura da ita fiye da yadda ya kamata. Abin da na koya dai shi ne wannan: irin diskin nan ba ya kuka, ba ya tari, ba ya sallama. Lokacin canza shi shi ne lokacin da lambar lafiyarsa ta yi ƙasa, ko ya fara daskarewa, ko ka yi gyara ka wayi gari gyaran ya gudu. Kuma lambar ba ta canzawa don ba ka son bakin da ya karanta maka ita.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu, ka bi shi a jere. Yau, ba gobe ba, ka kwafe abin da kake ji da shi a wani wuri dabam da ordinatar ɗinka. Sannan ka sa a duba maka lafiyar diskin. In kuma ya zamana duk garinku mutum ɗaya ne ya iya dubawa, kuma shi ne wanda ganinsa ke ƙona maka rai, don Allah ka tashi da ƙafarka ka kira shi, ka matsa masa kujera, ka yi shiru har ya gama magana.